Kuturtar Hatsi: Auren Da Ake Ɗaurawa A Cikin Ganye

Wannan shiri musamman na manoman Belbeji da Tarka da Tanut da sauran ƙasar Damargu ne. Shirinmu na yau kan kuturtar hatsi yake, cutar nan da ke sa ganye ya ɗashe tun daga tushensa, ka tarar da farin gari a bayansa da sassafe, zangarniya kuwa ta fito da ganyaye maimakon tsaba.

Ƙwayar da ke haddasa ta masana suna kiranta Sclerospora graminicola. Tana kama da fangas, ko da yake danginsu ba ɗaya ba. Hanya biyu take yaɗuwa. Akwai farin garin nan da ke fitowa cikin dare idan raɓa ta yi yawa, iska ta kwashe shi zuwa maƙwabtan shuka. Wannan ba ya daɗewa yake mutuwa. Akwai kuma ƙwai mai kaurin ɓawo da ke samuwa a cikin ganyen da ya kamu, ya faɗa ƙasa, ya jure rani, ya yi shekaru yana jiran damina. To, yaya ake samun wannan ƙwai?

Amsar ta fito a 1982 daga cibiyar ICRISAT da ke kusa da Haidarabad a Indiya, a binciken Michelmore da Pawar da Williams. Aikin akwai wahala, domin wannan ƙwaya ba ta yarda ta rayu a faranti kamar sauran ƙwayoyin da ake reno a ɗakin bincike. Sai a jikin hatsi mai rai. Don haka ake shuka hatsi a tukwane, a killace kowace tukunya kada iska ta gauraya su, a raini kowace zuri'ar cutar daban. Daga nan wasu shuke-shuken a sa musu zuri'a ɗaya tak, wasu a haɗa musu biyu. Bayan makonni a ɗebi ganyen, a duba shi da madubin ƙara girma, a nemi ƙwai. Inda zuri'a take ita kaɗai, ƙwai ba ya samuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Inda aka haɗa biyun da suka dace, sai ga shi fal. Ashe cutar jinsi biyu ce, kuma sai sun gamu cikin ganye ɗaya ake haihuwa. A 1984, Idris da Ball na Jami'ar Reading a Ingila sun nuna cewa zuri'ar Afirka ta Yamma da ta Indiya ma suna iya haɗuwa.

Ina ruwan manomin Belbeji da wannan? Ruwansa da tsaki. Kowace haɗuwa tana haifar da sabon iri na cutar, kuma a cikinsu ake samun wanda zai karya ƙarfin hatsin da a da yake jure mata. Indiya ta ɗanɗana: a farkon shekarun 1970 cutar ta lalata ingantaccen irin nan HB3, wanda aka cika gonaki da shi, duk shukar jininta ɗaya. Irin gidanmu a gauraye yake, shi ya sa ba ya faɗuwa gaba ɗaya, kuma a ganina bai kamata mu yar da shi ba don mun samu ingantaccen iri kamar HKP ko SOSAT. Gaskiya ne Damargu ba ta kai kudu ruwa da raɓa ba, amma iri yana yawo kasuwa zuwa kasuwa, shekarar ruwa kuma tana zuwa.

Masu bincike na cibiyar INRAN a Tarna ta Maraɗi da na ICRISAT a Sadore suna gwada iri a gaban cutar kafin ya iso gare mu. Namu aikin yana gona. A gauraya iri da magani irin su Apron Star kafin shuka. Tun daga noman farko, duk shukar da aka ga ta kamu a tumɓuke ta, a fitar da ita daga gona a ƙone, tun ƙwan bai nuna ya koma ƙasa ba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.