Katako ko maganaɗisu: Me ke bai wa jitar lantarki muryarta?

Matashin da ya taso daga Sabo a Ikorodu ko daga Agege zuwa kasuwar Alaba domin sayen jitar lantarki yakan tarar da jita biyu masu kama da juna, amma farashinsu ya bambanta nesa ba kusa ba. Sau da yawa hujjar da akan ba shi ita ce ingancin katako. Kafin ya zare kuɗinsa, ya kamata ya san inda sautin yake fitowa.

A garaya, gurmi da kuntigin da marigayi Ɗanmaraya Jos ya shahara da shi, jikin abin kiɗan ne ke ƙara ƙarfin sauti: tsirkiya ta girgiza jaki, jaki ya girgiza fata, ƙoƙon ya amsa. Jitar lantarki kuwa galibi jikinta curi ne marar kogo. Aikin ɗaukar sauti yana hannun wata ƙaramar na'ura da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, wadda makaɗa ke kira fikof.

Fikof maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta kaɗa a kansa, sai ta haifar da ɗan ƙaramin lantarki a cikin wayar, amfilifaya ta ƙarfafa shi, lasifika ta mayar da shi sauti. Yawan naɗin yana ƙara ƙarfi, amma yana rage kaifin murya. Haka nan fikof ɗin da ke kusa da jaki yana ba da sauti mai kaifi, na kusa da wuya kuma mai taushi da kauri.

Iri biyu ne suka fi yaɗuwa. Mai naɗi ɗaya, irin na Fender Stratocaster da ta fito a 1954, muryarsa tana fita tar, irin wadda ake ji a kiɗan Mdou Moctar na Nijar. Illarsa ita ce yana jawo gurnanin wutar lantarki, matsalar da kan tsananta a wuraren da ake amfani da janareta. Mai naɗi biyu, wanda Seth Lover ya ƙirƙiro wa kamfanin Gibson aka kuma fara sa wa jitar Les Paul a 1957, yana kashe wannan gurnani, sautinsa kuma ya fi cika.

To ina matsayin katako? Maganaɗisu ba ya jin motsin itace, motsin tsirkiya kawai yake ji. Sai dai wuya da jikin jita suna shanye wani kaso na ƙarfin tsirkiyar, wanda hakan kan shafi daɗewar sauti kafin ya mutu. Makaɗa sun daɗe suna muhawara kan girman wannan tasiri, amma bai kai na fikof, amfilifaya da yatsun makaɗi ba.

Wani abin lura shi ne Afirka ta Yamma tana da hannu a wannan sana'a. Jitocin Flying V da Explorer da Gibson ta fitar a 1958 an sassaƙa su ne da itacen da ake kira afara a kudancin Najeriya. Masu ƙera jita suna amfani kuma da dangin maɗaci, waɗanda yarjejeniyar CITES ta sa wa ido kan cinikinsu tsakanin ƙasashe tun 2023.

Inda katako ya fi muhimmanci ga mai saye shi ne ƙarko. Jitar da ta saba da laimar Legas, idan aka kai ta Kano ko Sakkwato cikin hunturu, itacen yakan tsuke, wuyan ya karkace, sauti ya ɓaci. Don haka a duba miƙewar wuya, a gwada kowane fikof a amfilifaya ɗaya, a kuma saurari gurnani kafin a biya. Fikof da ya gaza ana iya sauya shi, amma gyaran wuyan da ya murɗe yakan ci kuɗin da ya kusa na sabuwar jita mai araha.