Ƙararrawar da ke yanke wa kanta wuta

A cikin ƙararrawar ƙofa akwai guntun baƙin ƙarfe da aka naɗe da siririyar waya. Da baƙo ya danna maɓalli, sai lantarki ya ratsa wayar, ƙarfen ya zama maganaɗisu, ya fizgo 'yar guduma ta bugi ƙararrawa.

Abin burgewa shi ne, fizgar ce ke raba mahaɗin wutar. Nan take maganaɗisun ya saki, sifirin ya mayar da gudumar, wuta ta sake haɗuwa. Haka za a yi ta yi har a ɗaga yatsa.

Tun 1831 Joseph Henry ya kaɗa ƙararrawa da maganaɗisun lantarki a Albany ta Amurka. Amma ranar da aka ɗauke wuta, in ba mai batir ba ce, sai baƙo ya ƙwanƙwasa ƙofa.