TSATSAR ƘARƘASHIN MOTA: CUTAR DA FARIN ADAR BAI HANA BA

A tashoshin mota na Tawa, in anka tada maganar tsatsa, amsar da ake ji guda ce: wanga ciwo na mutanen bakin teku ne, su Kwatano da Legas. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Ruwan da birnin Tawa ke samu a shekara bai cika wuce milimita 400 ba, kuma kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Sauran watanni takwas iska busasshiya ce, ƙarfe yana iya kwana a fili ba ya canza launi. Amma duk wanda ya taɓa shiga ramin garaji ya ɗaga kai ya dubi cikin mota, ya san tsatsa tana nan tare da mu. Ta ƙofofi uku take shigowa Adar, kuma duka ukun mai mota yana da ikon tsare su.

Yadda ƙarfe ke ruɓewa

Abu uku ne ke haɗuwa su haifi tsatsa: ƙarfe, iska da laima. In babu ɗaya daga cikinsu, aikin ba ya tafiya. Gishiri kuwa shi ne mai zuga: ruwan da gishiri ya narke a ciki yana cin ƙarfe da sauri ƙwarai fiye da ruwan daɗi, kuma gishiri yana jawo laima daga iska ya riƙe ta. Wani abin lura shi ne tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma. Tana kumbura, ta ɗaga fenti, ta buɗe haɗin faranti biyu, ruwa ya ƙara samun wurin shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wuri.

Tsatsar jikin mota muni take kawowa. Ta ƙarƙashi kuwa rai take nema, domin can ne shasi yake, da bututan man birki, da tankin mai, da maɗauran lam ɗin da ke ɗauke da nauyin kaya. Bututun birki siririn ƙarfe ne. In tsatsa ta huda shi, ƙafar direba sai ta nutse har ƙasa ba tare da motar ta tsaya ba. Shasin da ya ruɓe kuma ba ya karyewa a ƙofar gida. Yakan jira ranar da anka yi lodi, anka kama hanyar Cintabaradan ko Tasara, inda mai walda mafi kusa yake nesa da tafiyar wuni.

Ƙofa ta farko: motar da ta zo da cutarta

Mafi yawan motocin da ke yawo a jihar Tawa sun yi rabin rayuwarsu a wata ƙasa. A shekarun 1980 Turawa matasa kan ƙetaro hamada da Peugeot 404 da 504 ta Tamanrasat, Asamaka da Arlit, su saida su a Agadas, Tawa ko Yamai. Daga baya ciniki ya koma tashar jiragen ruwa ta Kwatano, musamman bayan karyewar darajar sefa a Janairun 1994, wadda ta sa sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Bayan rufe iyakar Benin a 2023, kaya da yawa sunka koma bi ta Lome. Hanya ta canza, amma tushen motocin yana nan: Faransa, Beljik, Jamus da maƙwabtansu. Wani rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ƙidaya tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 da Turai, Amurka da Japan sunka fitar tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin ɗari nasu kuwa Afirka sunka nufo.

A waɗannan ƙasashe, in sanyi ya sauka, ana watsa gishiri bisa hanya don ƙanƙara ta narke. Motar da ta yi hunturu goma sha biyar a can ta yi wanka da ruwan gishiri sau ba adadi, kuma gishirin yana nan maƙale cikin kogon shasi. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba: a 2016 kamfanin Toyota ya amince a Amurka da sulhu na fiye da dalar Amurka miliyar 3 saboda tsatsar shasin motoci kimanin miliyan ɗaya da rabi. Faransa kuma ta wajabta binciken lafiyar mota tun 1992, ta ƙara tsananta shi a watan Mayun 2018, har ruɓewar shasi mai tsanani ta shiga cikin laifuffukan da ke hana mota hawa hanya. Motar da gyaranta ya fi kuɗinta a can, sau da yawa jirgin ruwa take hawa.

Saboda haka mai sayen mota, ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin da ya ci bashin banki, kada ƙyallin fenti da sanyin kilima su ɗauke mishi hankali. Ya nemi a hau da ita bisa rami, ya shiga da kansa tare da makanikensa, da tocila, da ƙaramar guduma, da turnabis. Ƙarfe mai lafiya in an buga shi ƙara yake yi tangaran. Ruɓaɓɓe kuwa sautinsa a dushe yake, yana zubo ɓawo. A danna turnabis a dogayen ƙarafan shasi, da wurin da ake kafa jak, da ƙasan ƙofofi, da kewayen ƙafafu, da rijiyar tayar safiya, da ƙarƙashin batir. A ɗaga shimfiɗar ƙafa a dubi daɓen. Mayen ƙarfe ba ya kama wurin da anka cike da mastik. Abin da ya fi kamata a ji tsoro shi ne tsohuwar mota mai sabon baƙin shafi a ƙarƙashi: kyan ɗan maciji ne, har sai an kankare an ga abin da ke ciki.

Ƙofa ta biyu: kayan da muke ɗauka

Ɗan kasuwar Adar da kansa yake loda wa motarsa gishirin da Bature ya watsa a hanya. Gishirin Tigidda da na Balma, da kanwa, suna saukowa daga arewa ta hanyar Agadas zuwa kasuwannin Abalak, Tawa da Badagishiri. Buhu yana yoyo, gari yana shiga tsakanin katako da ƙarfen bodi, ya zauna shiru duk rani. Ranar da hadarin farko ya zubo, sai ya farka. Takin zamani, musamman ure da ake kai wa manoman albasa a Galmi da fadamun Majiya, shi ma haka yake: yana shan laima, yana cin ƙarfe. Sai kuma bisashe. Motar da ke jigilar shanu da tumaki zuwa Birnin Ƙonni da Najeriya, fitsari da kashi suna jiƙa daɓenta, suna gangarawa bisa shasi da lam. Motocin da ke zuwa Ingal lokacin shan gishirin dabbobi a ƙarshen damina kuwa, cikin laka mai gishiri suke tafiya kai tsaye.

Maganin wanga ba shi da tsada. A shimfiɗa tamfol ko leda mai kauri kafin a loda gishiri, kanwa ko taki. In an sauke kaya a share tas tun yana busasshe, sa'an nan a wanke da ruwa mai yawa. Ruwa kaɗan narkar da gishirin kawai yake yi, ya kai shi inda tsintsiya ba ta isa. Motar dabbobi a wanke ta ranar da ta dawo, ba a bari sai ranar kasuwa ta zagayo ba.

Ƙofa ta uku: rani ya fere, damina ta jiƙa

Ƙasarmu da kanta tana aikin cikin kashi biyu. Da rani, tsakuwar Adar Dutsi wajen Keita da Buza, da rairayin Azawak daga Abalak zuwa Tiliya, suna feshin ƙarƙashin mota kamar samfefa, har fenti ya tafi ƙarfe ya fito tsirara. Hanyar Tawa zuwa Arlit, mai tsawon fiye da kilomita 600, wadda anka shimfiɗa saboda yuraniyom a ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980, duk inda kwaltarta ta mutu motoci sukan sauka gefe su bi turɓaya. Da damina kuma sai ƙoramu su kawo, a ƙetare su, a bi taɓon bakin tafkin Tabalak da na fadamu. Laka takan cushe cikin kogon shasi da saman tankin mai. Wajenta yakan bushe cikin yini guda, amma cikinta yana riƙe laima makonni. Ƙananan hudojin da kamfani ya bari don ruwa ya tsiyaye daga ƙofofi da shasi, su ma ƙura takan toshe su, ruwa ya kwanta.

Masu wankin mota na gari sukan goge sama har ta ɗauki ido, ƙarƙashi kuwa ba mai leƙawa. Nan ne ya kamata a biya kuɗin wanki: a sa tiyo cikin shasi har ruwan da ke fitowa ya yi fari, a buɗe hudojin da waya, a bar motar ta sha iska ta bushe.

Magani na gaskiya da na yaudara

In tsatsa ta riga ta kama, sai a dubi zurfinta. Ta sama, wadda ba ta huda ba, ana kankare ta da buroshin ƙarfe har a kai ga ƙarfe mai lafiya. Akwai ruwan magani da ake shafawa, mai mayar da sauran tsatsar baƙar fata mai tauri. Bayansa sai fentin antiruy, sa'an nan fenti na sama, sa'an nan shafin kariya daga tsakuwa. Cikin kogon shasi, inda buroshi ba ya shiga, ana fesa kakin ruwa ko mai da anka yi musamman don haka. Duk wanga aiki sai a kan busasshen ƙarfe. Mai kankare tsohon jan fenti ya rufe hanci da baki, domin irin na da yana ɗauke da darma.

Wadda ta huda kuwa, fenti ba ya warkar da ita. Sai a yanke ruɓaɓɓen wurin a yi waldar sabon faranti mai kauri daidai da na asali, bayan an cire kan batir, an kuma nisantar da tankin mai daga wuta. Bututun birki da ya yi tsatsa ba a like shi, canza shi ake yi. In maɗauran lam ko wurin da injin ke zaune sunka ruɓe a wurare da dama, gara a haƙura da shasin.

Dabaru biyu sun yi yawa a garajojinmu. Ta farko shafa kwalta ko baƙin shafi bisa tsatsa ba tare da kankarewa ba. Wanga rufe ƙurji ne da ruwa a ciki: shafin yakan tsage, laima ta shiga ta kasa fita, ƙarfe ya ruɓe a ɓoye. Ta biyu fesa baƙin man da anka juye daga inji. Gaskiya ne yana korar ruwa na ɗan lokaci, amma yana lalata robobi, yana tara rairayi, in ya taɓa birki ya kashe shi, in ya ɗiga bisa bututun hayaƙi mai zafi yana iya tada gobara. Abin da ya zuba ƙasa kuma rijiyoyinmu yake nufa, a ƙasar da ruwan sha ya fi komi tsada.

Lokacin aiki

Shekarar Adar ta raba aikin da kanta. A watan Mayu, kafin ruwan farko, a duba ƙarƙashi, a toshe inda tsakuwa ta fere. Cikin damina, wanki bayan kowace tafiyar laka. Daga Oktoba zuwa Nuwamba, in iskar hunturu ta fara, babban wanki da kankara da fenti, domin lokacin ne ƙarfe ke bushewa sarai. Nan farin namu ya zama gata: abin da Bature ke nema da ɗaki mai ɗumi, mu rana ke ba mu shi kyauta.

Shugabannin ma'aikatu su ma maganar ta shafe su. Motar gwamnati ko ta furoje da ta dawo rangadin damina anka aje ta da lakarta, ko wadda ta yi shekaru ƙafafu a sace cikin rairayin harabar ofis, dukiyar talaka ce ke narkewa. Motar ɗaukar marasa lafiya da shasinta ya tsage, mace mai naƙuda a ƙauye ce za ta biya. Masu bizit teknik kuma su riƙa sunkuyawa, kada takarda ta tsaya ga fitila da oda. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah ya kiyaye hanya, ya tsare dukiya da rayuka.