Gargaɗi Ga Jama'ar Hajj Abdalla Da Ƙauyukan Bakin Bahar: Kada A Taɓa Ƙarfen Da Yaƙi Ya Bari

Iyaye da ƴan'uwa na Hajj Abdalla, da na ƙauyukanmu daga Wad Madani har Mai Wurno, a karanta wannan a masallatai bayan sallah, a kuma kai shi cikin gidaje mata su ji. Damina ta gabato, ƙasar da za mu sa wa fartanya kuwa ba yadda muka bar ta take ba.

Tun daga Disambar 2023 da dakarun RSF suka shiga Wad Madani har Janairun 2025 da sojoji suka ƙwace ta, an yi ta ruwan wuta a Jazira. Ba duk abin da aka harba ne ya fashe ba. Akwai dana (harsashin igwa) da gurneti da harsasai kwance a hawasha (gona), a bakin tur'a (magudanar ban-ruwa), a cikin kangaye da azuzuwan makaranta. Za ka ga wani ya yi tsatsa, rabinsa a cikin laka, gindinsa mai fukafukai a waje, kai ka ce tsohuwar taɓarya ce aka yar. Tsatsar nan ba ta kashe shi ba, sai ma ƙara masa saurin tashi. Ruwa kuma na ɗaukarsa daga inda ya faɗi ya binne shi a wani wurin, don haka hanyar da ka bi lafiya da rani ba lallai ta zama lafiya bayan ruwan farko ba.

Wanda ya gani kada ya taɓa, kada ya jefe shi da dutse, kada ya tura shi cikin tur'a ko rijiya da sunan kawar da shi. Ya koma ta sawun da ya zo. Daga nesa ya kafa alama da jan ƙyalle, ya sanar da mai unguwa, a kai wa ƴan sanda ko difa'ul madani (jami'an kare farar hula) labari, su ne za su kira masu kwance nakiya. Inda aka ga duwatsu masu jan fenti, ba a ƙetarewa. A dakata da ƙona kara a gonar da aka yi faɗa a kusa da ita.

Yara su ne abin tsoro. Masu sayen tsofaffin ƙarafa na yawo, yaro kuma bai san bambancin tagulla da ajali ba. Uban da ya karɓi kuɗin irin wannan ƙarfe daga hannun ɗansa, shi ya aike shi neman na gaba.

Wasu na cewa kare jama'a daga wannan haɗari da na ambaliya aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, kare farar hula ɓangare ne na tsaron ƙasa: a Satumbar 2020, da Nilu ya yi cikar da ba a taɓa aunawa ba a Hartum, Majalisar Tsaro da Kariya ce ta ayyana dokar ta-ɓaci ta wata 3. Amma mutanen Manakil sun ga yadda ruwa ya riga agaji isowa a Agustan 2022, lokacin ma ba a fara yaƙi ba. Yau motoci da kayan aiki sun ragu, ƙauyuka kuma ba su ragu ba. Kafin jami'i ya iso, maƙwabcinka ne difa'ul madani.

Don haka a yi gayyar yashe magudanai da cika buhunan yashi tun yanzu, amma a duba wuri da ido kafin a sa shebur. Kowace unguwa ta san tudun da za ta hau, da wanda zai ɗauki tsofaffi da masu jego.

Ruwan tur'a a tafasa shi ko a sa masa kulorin, domin kwalara na biyo ambaliya. Wanda gudawa ta kama, a haɗa masa lita 1 ta tsabtataccen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya riƙa sha ana kan hanyar asibiti. Kada a jira gari ya waye.