Ƙwaƙwalwa, laka da jijiyoyi

Kai mai karatu, motsa babban yatsanka na ƙafa. Ya motsa? To wa ya gaya masa? Daga kai zuwa ƙafa akwai nisa, amma saƙo ya isa tun ba ka ƙifta ido ba.

Saƙon daga ƙwaƙwalwa ya fito. Tana cikin ƙoƙon kai, nauyinta ya kusa kilo 1 da rabi. Da ita muke tunani, da magana, da tuna abin da ya wuce. Harufan nan da kake haɗawa yanzu, ido ne yake ɗaukarsu, amma ita ce take karantawa. Ko kana barci ba ta daina aiki, tana kula da numfashinka. Wani abin mamaki, ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke motsa hannun dama da ƙafar dama, na dama kuma ya riƙe hagu.

Daga ƙwaƙwalwa wata farar igiya mai taushi ta sauko cikin ƙashin baya. Ita ce laka. In an yanka ragon layya, mahauci ya sara gadon baya, duba tsakiyar ƙashin, za ka gan ta. Ta mutum tsawonta wajen santimita 45, kaurinta kamar ƙaramin yatsa.

Sai jijiyoyi. A nan sai ka lura, don mu Hausawa kome jijiya muke ce masa: wadda jini ke bi, jijiya, wadda ke da tauri cikin nama, jijiya. Waɗanda muke magana nan daban suke, ba jini a cikinsu. Kamar wayoyin lantarki suke, saƙo kaɗai ke bin su. Guda 12 sun fito daga ƙwaƙwalwa ta kowane gefe, zuwa ido, kunne, hanci, harshe da sauransu. Guda 31 sun fito daga laka ta kowane gefe, sun yi rassa ko'ina cikin jiki. Wasu na kai labari sama: zafi, sanyi, ƙaya ta soke ni. Wasu na kawo umurni ƙasa: ɗaga, taka, saki. In ka bugi gwiwar hannu ka ji tsam har ƙaramin yatsa, ɗaya daga cikinsu ka taɓa.

Wani lokaci ma laka ba ta jiran ƙwaƙwalwa. Ka taɓa butar shayi mai zafi, hannu ya janye tukuna, sannan ka ce wash! Laka ce ta yanke hukunci.

To ga inda maganar take da nauyi. Ƙashin hannu in ya karye, maɗori zai ɗora, ya haɗe. Laka kuwa in ta tsinke, ba ta haɗewa. Daga wurin tsinkewar zuwa ƙasa saƙo ba ya wucewa: ƙafafu su mutu, mutum ya kasa riƙe fitsari. In a wuya ne, har hannuwa.

Yaro ya faɗo daga gawo garin sassabo wa awaki ganye, ko amalanke ta kife da mutum, ko babur ya kayar da shi. Jama'a su taru, wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, a cicciɓe shi yana lanƙwashewa. Taimako suke nufi, amma sau da yawa ƙashi kaɗai ya tsage, laka na nan lafiya, ɗaukar ce za ta ƙarasa ta.

Don haka in ka tarar da wanda ya faɗi yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a zaunar da shi, kada a ja shi, kada a murza masa baya. Mutum ɗaya ya riƙe kansa da hannu biyu don kada ya juya. In ba motar likita kusa, a samo ƙyaure ko faffaɗan katako. Mutum huɗu su ɗaga shi gaba ɗaya, kai da wuya da baya a miƙe, su shimfiɗa shi bisa, a ɗaure shi da zane, a tafi gidan likita sannu sannu.