Yadda filin kwalta ya zama lambun ƴan makaranta a Amurka

A birnin Berkeley, kusa da San Faransisko cikin jihar Kaliforniya ta ƙasar Amurka, akwai wata makarantar gwamnati mai ɗauke da sunan Martin Luther King. Yara ƴan shekara 11 zuwa 14 ne ke karatu a cikinta. Kafin shekara ta 1995, wani ɓangare na harabarta ba komi ba ne sai tsohuwar kwalta da ta tsattsage, ciyawa ta fito ta ko'ina. Yau a wannan wuri ake samun lambun makaranta da ya fi kowane suna a ƙasar.

Mafarin abin shi ne wata mata mai suna Alice Waters, wadda ta buɗe gidan abinci na Chez Panisse a birnin tun 1971. Kullum takan wuce ta gaban makarantar, har wata rana ta faɗa wa wani ɗan jarida irin takaicin da take ji na ganin yadda aka bar wurin ya lalace. Da daraktan makarantar, Neil Smith, ya ga maganar a jarida, bai tsaya musu ba. Sai ya gayyace ta domin su ga abin da za a iya yi tare.

Aikin bai soma da shuka ba, da zaman shawara ya soma. Malamai da uwayen yara da masana aikin lambu da maƙwabta suka tsara abin da suke so, sa'an nan aka fasa kwaltar, aka kwashe ta daga filin da bai kai rabin hekta ba. Ƙasar da ta daɗe a ƙarƙashin kwalta ba ta da ƙarfi, don haka aka fara shuka dangin wake da ciyawa, aka bar su suka girma, aka turbuɗe su cikin ƙasa su zama taki. A 1997 aka gyara tsohon ɗakin cin abincin makarantar ya koma ajin koyon girki.

An raɗa wa shirin suna Edible Schoolyard, wato harabar makaranta mai ba da abin ci. Ƴan makaranta ne ke shuka, su yi ban ruwa, su haɗa takin gargajiya, su kula da kaji, su tsinko kayan lambu su dafa, su zauna tare da malamansu su ci. Ana kuma haɗa aikin da darasin aji: awon fangali ya zama lissafi, ruɓewar ganye ta zama kimiyya, niƙan hatsi da hannu ya zama tarihin mutanen da.

To amma lambu ba ya rayuwa da niyya kawai. Masu aikin sa kai sukan gaji, ga kuma babban hutu lokacin da babu yaro ko ɗaya a makaranta. Shi ya sa aka ɗauki ma'aikata na dindindin, kuma a 1996 Alice Waters ta kafa gidauniya domin tara kuɗin tafiyar da aikin. Nan ne ma wasu ke cewa ba kowace makaranta ce za ta samu mai suna irin nata ya nemo mata taimako ba.

Akwai kuma masu suka ta wani fanni. A 2010 marubuciya Caitlin Flanagan ta rubuta a mujallar The Atlantic cewa ɗan talaka, musamman wanda uwayensa baƙi ne masu ƙodago a gonaki, karatu da lissafi ya zo nema, ba a mayar da shi gona ba. Magoya bayan shirin kuwa na ganin lambun aji ne kamar sauran azuzuwa, kuma yaron da ya shuka abu da hannunsa ya fi yarda ya ci shi.

Duk da wannan muhawara, shirin ya bazu. A 2006, bayan guguwar Katrina ta 2005, an buɗe irinsa a birnin New Orleans, a 2010 kuma a unguwar Brooklyn ta New York.

Abin lura ga masu karatu, musamman ƙungiyoyin uwayen yara, shi ne fasa kwalta aikin ƴan kwanaki ne, amma riƙon lambu aikin shekaru ne. Duk makarantar da ke da wannan buri, kafin ta sayi iri, sai ta san inda ruwa zai fito, da wanda zai kange wurin, da wanda zai yi ban ruwa ranar da aka ba da hutu.