Idan Kiɗa Ya Sauya: Tsohon Makuro a Cikin Sabuwar Manhaja

Masana ilimin halittu sun daɗe da tabbatar da cewa kowace halitta ta dace ne da muhallin da ta saba da shi. Kifin kogi ba ya jure wa ruwan gishiri na teku, ko da kuwa lafiyarsa ƙalau. Irin wannan lamari yakan auku a cikin kwamfuta, ga wasu 'yan umarce-umarce da ake kira makuro.

Shi makuro jerin umarni ne da mutum kan tsara sau ɗaya, domin kwamfuta ta riƙa maimaita masa wani aiki mai cin lokaci. Alal misali, malamin makaranta yana iya tsara wanda zai tara makin jarrabawa, ya fitar da matsakaici, ya jera ɗalibai daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. To amma makuro ba ya tsayawa da ƙafarsa. A cikin manhaja yake rayuwa, kamar Excel ko Word. Ranar da aka sabunta manhajar, muhallinsa ya sauya ke nan.

Tarihin manhajojin kamfanin Microsoft cike yake da misalai. A shekarar 1993 Excel 5.0 ya zo da sabon harshen rubuta makuro mai suna VBA, a madadin tsohon harshen XLM. Word 97 ma ya ajiye nasa harshen, WordBasic, ya rungumi VBA. A 2008 aka fitar da Office na kwamfutocin Mac babu VBA sam, har sai da aka maido shi a fitowar da ta biyo baya, a 2010. A wannan shekara kuma Office mai bit 64 ya bayyana, sai wasu tsofaffin makuro suka ƙi tashi har sai an gyara layukan da suke kiran Windows da su. Daga 2022 kuwa, saboda masu cusa ɓarna, Office ya shiga toshe makuron da ke cikin fayil ɗin da aka sauko da shi daga intanet.

Duk waɗannan matsaloli masu sauƙi ne, domin makuro yakan tsaya cak, ya nuna saƙon kuskure, mai aiki ya farga. Mugun ciwo shi ne wanda ba ya nuna alama. Tsohon jadawalin Excel, wato XLS, layi 65,536 kacal yake ɗauka. Da Excel 2007 ya fito, sai adadin ya haura zuwa 1,048,576. Masu rubuta makuro da yawa a da sun ɗauki 65,536 a matsayin ƙarshen jadawali, suka dasa lambar a cikin umarninsu. Idan aka ba irin wannan makuro bayanai masu layi 100,000, yana iya kammala aikinsa lami lafiya, ya miƙa sakamako, alhali kuwa ya tsallake fiye da kashi ɗaya cikin uku.

Wannan iyaka ta taɓa jawo babban tashin hankali a Ingila. A 2020, lokacin annobar korona, hukumar kula da lafiyar jama'a ta ƙasar tana tattara sakamakon gwaji ta wani tsari mai sarrafa kansa, wanda ke zuba bayanai a cikin tsohon jadawalin XLS. Da jadawalin ya cika, sai sauran suka riƙa zubewa ba wanda ya sani. Tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba, mutane 15,841 da suka kamu da cutar ba su shiga lissafi a kan kari ba, aka kuma yi jinkirin neman waɗanda suka yi cuɗanya da su.

To, ina mafita? Ɗakin gwaje-gwaje ya riga ya koyar da ita. Ba a amincewa da sabon ma'auni sai an ɗora masa abin da aka san nauyinsa. Haka ya kamata malami ya tanadi ɗan ƙaramin jadawali wanda ya lissafa da hannu, ya gwada makuronsa a kai duk lokacin da aka sabunta manhaja. Ya ƙidaya layukan da suka shiga da waɗanda suka fito, ya ga ko sun yi daidai. Ya ajiye kwafen fayil na asali kafin ya taɓa kome, ya kuma rubuta bayanin aikin kowane umarni a gefensa, saboda wanda zai gaje shi.

Kwamfuta ba ta san ɗalibin da aka tauye wa maki ba, abin da aka umarce ta kawai take bi. Duba sahihancin sakamako nauyi ne da ya rataya a wuyan mai amfani da ita, rigakafi kuwa ya fi magani.